Babbar Lema a Ƙaramar Iska: Lissafin Masu Son Tsalle

Sharhinmu na yau zai leƙa bakin teku ne, wajen masu wasan lemar iska, inda wata tambaya ta daɗe tana raba kan 'yan wasa: idan iska ta yi sanyin jiki, mutum kuma yana son ya yi tsalle, wace lema ya kamata ya ɗauka, babba ko ƙarama?

A watan Agustan 2024, a gaɓar birnin Marsey na ƙasar Faransa, aka shigar da tseren lemar iska cikin babbar gasar Olamfik karo na farko. Gwanayen duniya sun hallara, alƙalai sun zauna, amma iska ta yi ta nawa. Aka riƙa ɗage tsere, ana soke wasu. Ellie Aldridge ta Birtaniya ta karɓi zinarenta ranar 8 ga wata, na maza kuwa sai da aka kwana, washegari Valentin Bontus na Ostiriya ya lashe. Waɗannan fa mutane ne masu lemomin da faɗinsu ya kai murabba'in mita 20 da ɗoriya, kayan da ba kowane aljihu ke iya saye ba, kuma gudu kawai suke nema a kan ruwa. Duk da haka akwai ranakun da suka wuni a gaɓa suna kallon tuta ta ƙi motsi. To ina ga mai son lemar ta ɗaga shi sama?

Ga wanda bai taɓa gani ba, lemar nan babbar yayar jirgin leda ce da yara ke tayarwa, sai dai ita jan mutum take yi. Da yadi mai kama da na saukar lema ake ɗinka ta, a ɗaura mata igiyoyi huɗu, wani lokaci biyar, masu tsawon mita 20 zuwa 25. Mai wasa yana riƙe da sandar tuƙi ko mariƙai biyu, da ɗamara a ƙugu wadda ke ɗaukar nauyin jan. Wasu a kan ruwa suke, ƙafafunsu a kan allon zamiya. Wasu a kan yashi da allo mai tayoyi ko ɗan keke mai ƙafa uku. Wasu a kan ƙanƙara. Wasu kuma a tsaye kawai suke a fili, su da lemar.

Sha'awar a bar ƙasa da taimakon iska ba ta yau ba ce. George Pocock, wani malamin makaranta a Biristol ta Ingila, ya yi rajistar keken da manyan lemomi ke ja tun 1826, har 'yarsa Martha ya taɓa zaunarwa a kujera ya sa iska ta ɗaga ta. A 1903 Samuel Cody ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a ɗan kwalekwalen da lema ke ja. Amma wasan da aka sani yanzu ya samo tushe ne daga 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, waɗanda a 1984 suka yi rajistar lemar da ake hura wa haƙarƙari iska da famfo, ta yadda in ta faɗa ruwa ba za ta nutse ba. A 1990 kuma Peter Lynn na Niyu Zilan ya fito da keken yashi mai ƙafa uku.

Mu dawo kan tambayarmu. Ƙarfin jan lema ya dogara ne a kan abu biyu, faɗinta da gudun iskar da ke ratsa ta, amma ba daidai suke tafiya ba, kuma a nan ne yawancin sababbin shiga ke ruɗewa. Idan aka ninka faɗin lema sau biyu, ja zai ninka sau biyu. Idan kuwa gudun iska ne ya ninka sau biyu, ja ninkawa zai yi sau huɗu. Iskar kilomita 15 a awa in ta koma 30, lemar da ɗazu ake riƙewa da hannu ɗaya ana hira, yanzu jan mutum huɗu take yi. Haka kuma in aka juya lissafin: iska ta ragu da rabi, sai an nemo lemar da ta ninka ta farko sau huɗu kafin a samu ja irin na da. Wanda ke jin daɗin lema mai murabba'in mita 9 a iskar kilomita 36, in iskar ta sauko 18, lissafi ya ce mai 36 yake buƙata. Ba a sayar da irin wannan a shagunan wasan. Manyan da kamfanin Flysurfer na Jamus ya shahara da su a wajen 21 suke tsayawa, masu famfo kuwa galibi 17 ce ƙurya, sai ɗaiɗaiku.

Masu koyar da wasan suna da wani lissafin baka da suke ba ɗalibai don hawa ruwa da allo na gama-gari. Da mil ɗin teku suke yinsa, amma in aka mayar da shi kilomita, ga yadda yake fitowa: mutum ya ninka nauyinsa sau huɗu, ya raba da gudun iska. Mai kilo 75 ke nan yana da 300. A iskar kilomita 37 a awa, lema mai murabba'in mita 8 ta ishe shi. A kilomita 28, sai mai 11. A kilomita 18, sai mai 17. Mai kilo 95 a wannan iskar ta ƙarshe, lissafinsa 21 ne, wato ya riga ya kai maƙurar abin da ke kasuwa. Kuma wannan duka don a samu a yi tafiya ne kawai a kan ruwa. Tsalle na neman ragowar ƙarfi a kan haka.

Shi ya sa tambayar "wace lamba zan saya?" ba ta da amsa sai an ji nauyin mai tambaya. Matashi mai kilo 55 da ƙato mai kilo 100 suna iya tsayawa a gaɓa ɗaya, iska ɗaya, ɗaya yana shawagi, ɗayan yana tsaye yana zagin lemarsa.

Ita ma lambar da ke rubuce a jikin jaka ba ita ce duka labarin ba, don lemomin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai aljifai, wadda iska ce ke shiga ta gaba ta kumbura ta, tsarin da Domina Jalbert ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960. Ba ta da tiyo, ba ta da nauyi, don haka tana iya tsayuwa a sama a iskar da mai famfo za ta faɗo. Mai famfo babba kan kai kilo 4, kuma wannan nauyin dole iska ta fara ɗauka kafin ta waiwayi mutumin da ke ƙasa. Sannan a cikin masu aljifan ma akwai rabo biyu. Ɗaya tana da ɗaurin dindindin, kusurwar da take fuskantar iska ba ta canzawa, abin da iska ta kawo shi za a karɓa. Ɗayar kuma ana iya rage mata ƙarfi: a tura sanda gaba ja ya sassauta, a jawo ta ja ya ƙaru. Mai ɗaurin dindindin mai murabba'in mita 5 ko 6 tana iya yin jan da sai mai ragewa ta kusa ninka ta a faɗi kafin ta yi. Wanda ya ji wani na cewa "ai ni da 12 nake tsalle", ya je ya sayo 12 mai ɗaurin dindindin ya fita fili, to ya sayo wa kansa gadon asibiti.

Yanzu ga tarkon farko, na ƙaramar lema. Sabon shiga yakan ce tunda yana tsoro, bari ya fara tsalle da ƙarama, mai murabba'in mita 3, irin ta koyo. Ga dukkan alamu wannan hankali ne, amma tsofaffin 'yan wasan tudu a Ingila da Jamus sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Ƙaramar lema ba za ta ɗaga babban mutum ba sai iska ta yi ƙarfi ƙwarai, kuma in ta tashi ɗagawa fizga take yi, farat ɗaya. Matsalar tana wajen saukowa. Lemar da masu shawagi daga kan duwatsu ke rataya a ƙarƙashinta wajen murabba'in mita 25 take, ita ce ke sa su sauka kamar daga kan matakala. Mai 3 ba ta kai kashi ɗaya cikin takwas na wannan ba. Ta kai mutum sama ta wuce ta kansa da gudu, ƙarfinta ya ƙare, ta bar shi da ƙasa. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 3 ba abin da ya riƙe shi, da gudun kusan kilomita 28 a awa zai tarar da ƙasa. Daga mita 5, wajen 36. Idon sawu da gwiwa da ƙashin baya ba don haka aka halicce su ba. Shi ya sa a tsakanin masu lema mai ɗaurin dindindin maganar da ta zama ruwan dare ita ce kada a nemi tsalle da abin da bai kai murabba'in mita 5 ba. Lemar Blade ta kamfanin Flexifoil mai 4.9 ta yi suna a wannan fage, sunan da ya haɗa yabo da tsoro.

Ke nan masu cewa a ɗauki babba a iska mai sauƙi suna da gaskiya, amma rabin gaskiya. Abin da faɗi ke saya wa mutum shi ne daɗewa a sama da saukowa a hankali. Tsayi kuwa ba ya saya. Babbar lema tirela ce da kaya, ƙarama kuma ɗan acaɓa: kafin tirela ta gama shan kwana ɗaya, ɗan acaɓa ya zagaya shatale-tale sau biyu. Tsalle kuwa da saurin juyawar lema ake yinsa.

Bari a duba yadda abin yake a kusa. 'Yan wasan suna kwatanta sararin da lema ke yawo da fuskar agogo: saman kai ƙarfe 12, gefe da gefe 9 da 3. Mai allo yana tafe yana yanka iska a gicciye, lemarsa a wajen ƙarfe 11, ya kwanta baya, ya dasa gefen allon cikin ruwa har feshi na tashi, igiyoyi sun miƙe kamar za su tsinke. Sai ya fizgi sanda da hannun baya, lemar ta haura ta wuce 12 zuwa wajen ƙarfe 1. Daidai lokacin da jan ya koma sama, ya jawo sandar zuwa cikinsa, ya saki gefen allon. Shi ke nan, ya tashi, yana lilo a ƙarƙashinta. Kafin ya sauko kuma dole ya maido da ita gaba da ɗaya hannun, don ta tarbe shi ya sauka yana tafiya. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan ne. In iska ta yi rauni, gudun allon kaɗan ne, lemar mai 17 tana haurawa kamar mai jin barci, kafin ta isa 12 ƙarfin da aka tara ya zube. Abin da za a samu tsallen mita ɗaya ko biyu ne, mai laushi, mai ɗan jinkiri a sama. Yana da daɗi, kuma wurin koyon juyi ne mai kyau, amma ba shi ne abin da ake gani a bidiyo ba.

Abin da ake gani a bidiyon, yawanci daga Kef Tawun ta Afirka ta Kudu yake. Can ake gasar Red Bull King of the Air tun 2013, bayan ta faro a tsibirin Mawi na Hawayi. Masu shirya ta sukan jira kwana da kwanaki sai iskar kudu maso gabas ta taso da gaske, ta haura kilomita 50 a awa, sannan a buɗe fage. Lemomin da gwanaye irin su Kevin Langeree na Holan da Aaron Hadlow na Ingila suka ci gasar da su ba manya ba ne, tsakanin murabba'in mita 7 zuwa 10 ake yi. Na'urorin da ake maƙalawa a jikin allo sun auna tsallen da ya wuce mita 30 a duniya, kuma ba ɗaya daga cikinsu da aka yi a iska mai sauƙi. Farashin ma ba ɓoyayye ba ne. Lewis Crathern, Baturen Ingilan da ya tsallake gadar shaƙatawa ta Biraitin a 2010, ya faɗo a wannan gasa a 2016, ya kwashe kwanaki a sume a asibiti kafin ya farfaɗo.

Tarko na biyu kuma na babbar ne, kuma shi ya fi shammatar mutane, don a ranar da komai ke kwance yake kamawa. Iska ba ta tafiya da gudu ɗaya. Hasashen yanayi ya ce kilomita 18, amma 18 ɗin tsakatsaki ne. Tana lafawa zuwa 12, tana bugowa zuwa 27. Daga 18 zuwa 27 ƙarin rabi ne kawai a gudu, amma a ja ya haura ninki biyu. Mutum ya auna lemarsa da lokacin lafawa, ya ɗauko mafi girma don haushin zaman jira, ya tsayar da ita a saman kansa a gaɓa yana gyara ɗamara. Bugu ɗaya, ya tsinci kansa a sama ba da niyya ba, kuma iskar ba teku za ta kai shi ba, wajen duwatsu da motoci da turakun lantarki za ta nufa da shi. Garin neman gira a rasa ido. Iskar cikin ƙasa, wadda ta ratso gidaje da bishiyoyi da tuddai, ta fi ta teku wannan hali nesa ba kusa ba, haka ma wadda ke gaban hadari. Don haka ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a zaɓi lema da bugu mafi ƙarfi na ranar, a haƙura da lokutan lafawa.

Wasan ya koyi darasin kariya da tsada. A 2002, a wata gasa a garin Zingst na gaɓar Jamus, igiyoyin Silke Gorldt, ɗaya daga cikin fitattun mata a wasan, suka sarƙe da na wani ɗan wasa, lemomin biyu suka ja ta, ta rasu. Bayan nan ne kamfanoni suka duƙufa wajen inganta masakin gaggawa, ɗan maɓallin da ake turawa lema ta rabu da ɗamara. Wani binciken likitocin Jamus da aka wallafa a 2004, wanda ya bi 'yan wasa 235, ya samu rauni 7 a kowace awa 1,000 ta wasa, ƙafa da idon sawu suka fi shan wuya, kuma fiye da rabin raunukan sun faru ne saboda mutum ya kasa rabuwa da lemarsa a kan lokaci. Sai wajen 2005 aka samu lemomi irin su Crossbow ta kamfanin Cabrinha, waɗanda tura sanda kawai ke kashe yawancin ƙarfinsu. Wanda zai sayi tsohuwar babbar lema don araha, ya fara tambayar shekarar da aka yi ta.

Akwai kuma wasu dabarun da suka fi ƙarin faɗi amfani, ba a dai cika tallarsu ba ne. Allo mai faɗi yana tashi a kan ruwa da wuri. Ƙarin mita kaɗan a tsawon igiya yana kai lema inda iska ta fi gudu, ya kuma ba ta filin yin zarya ta tara ƙarfi, ko da yake juyawarta za ta ƙara nawa. Allo mai fiffike a ƙarƙashin ruwa, irin na 'yan Olamfik, ya canza lissafin baki ɗaya: tunda ba ya gogar ruwa, yana iya yin gudun da ya ninka na iskar kanta, kuma wannan gudun nasa iska ce ta biyu ga lemar. Da shi ana tafiya a iskar da ba ta kai kilomita 15 ba, gwanaye har tsalle suke yi. Sai dai faɗuwa kusa da wannan fiffike mai kaifi wani zance ne daban. Hatta zafin rana yana da hannu: iskar da ke da zafin digiri 35 ta fi ta digiri 5 rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin goma, don haka kilomita 20 a gaɓar Paje ta Zanzibar ba ta ja kamar kilomita 20 a gaɓar Denmak da hunturu.

Wanda ba shi da na'urar awon iska, ma'aunin da Francis Beaufort na rundunar ruwan Birtaniya ya tsara a 1805 yana nan yana aiki da ido. In ganye da ƙananan rassa ne kawai ke kaɗawa, mataki na 3 ke nan, kilomita 12 zuwa 19. In ƙura da takardu suka fara tashi, mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28. In ƙananan bishiyoyi suka fara rangaji, mataki na 5, kilomita 29 zuwa 38. Tsallen kirki ga matsakaicin mutum a mataki na 4 yake farawa, da lema mai ragewa tsakanin 12 zuwa 15 a kan ruwa. A mataki na 3, sai mai aljifai babba, 15 zuwa 21 gwargwadon nauyi, kuma a sa ran shawagi kaɗan. Ƙasa da haka, ranar koyon tuƙi ce ko ranar gyaran igiya.

Saboda haka, masu sauraro, duk wanda tafiya ta kai shi Zanzibar ko Masar ko Kef Tawun ya ga abin ya ba shi sha'awa, ya nemi makarantar koyarwa tukuna kafin shago. Ya fara da ƙaramar lema don koyon tuƙi kawai, ƙafarsa a ƙasa. Ranar da zai fara tsalle ya yi a kan ruwa mai zurfi, da hular kwano, da lema mai ragewa, bayan ya gwada masakin gaggawa da hannunsa, kuma ya tabbatar babu mutum ko gini a inda iska ta nufa.